Filin Kiwon Lafiya: Ƙofar Da Zafi Ke Bi

A wannan mako za mu duba ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, watau wanda ya haura wata uku bai saki mai shi ba, kamar ciwon baya ko na gaɓoɓi. Wani lokaci likita yakan tura mai irin wannan ciwo wurin masanin halayyar ɗan Adam, sai ya fusata, ya ce an mai da shi maƙaryaci ko mai taɓin hankali. To, ba haka abin yake ba.

A shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi ba ya zarcewa ƙwaƙwalwa kai tsaye, sai ya ratsa wata ƙofa a cikin lakar gadon baya, ƙwaƙwalwa kuwa tana da ikon buɗe ta ko sakaya ta. Tsoro da baƙin ciki suna wangale ta, natsuwa da shagala da aiki suna sakaya ta. Ai manomi yakan sari ƙafarsa da fartanya, bai ankara ba sai ya ga jini. Ciwon gaskiya ne, amma zuciya tana ƙara masa ƙarfi ko ta rage.

Wani masani a Amurka, Wilbert Fordyce, ya fitar da littafi a 1976 kan yadda ake horar da jiki da ƙa'ida. Galibi ran da maras lafiya ya ji dama sai ya yi aikin kwana uku, kana ya kwanta mako guda. Gyaran shi ne ya auna ƙarfinsa: in tafiyar minti 10 yake iyawa, ya fara da 8, kullum, ko da sauƙi ko babu, yana ƙara minti ɗaya bayan 'yan kwanaki. Ana kuma koya masa jan numfashi a hankali, da tuhumar tunanin nan mai ce masa in ya motsa zai gurgunce.

Lalle wannan hanya ba ta kawar da ciwo ɗungum, kuma wajibi ne likita ya fara bincika jiki. Amma takan mayar da mutum kasuwa da gona, alhali kuwa yawan haɗiyar ƙwayoyi yana da tsada: tramadol kan kama mutum ya kasa bari, diclofenac kan ci ciki da ƙoda. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.