Fitilar da ke haska wa mai ita, ta makantar da saura

Duk wanda ya taɓa kama hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi bayan sallar isha'i ya san abin da za mu faɗa. Kana cikin tafiya sai wani farin haske mai ratsin shuɗi ya ɓullo daga nesa, ya cika maka gilashi, kwalta ta ɓace, bakin hanya ya ɓace. Ka yi wa mai shi alama ya sauke, shi kuwa sai ya ɗaga maka babbar fitila, domin ka gane cewa ƙaramar ce tun ɗazu ke kunne. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In ido ya ɗauki daƙiƙa 3 kafin ya dawo, direba ya shafe mita 75 bisa tawakkali, a hanyar da amalanken jaki da garken shanu da kamiyon da ya mutu suke kwana babu ko kyandir.

Dattawan direbobinmu suna tuna fitilun Peugeot 404 da 504 masu ruwan ɗorawa, waɗanda Faransa ta wajabta har zuwa 1993. Yau kasuwa ta cika da ƙwan LED da na zenon, ana sayar da su a shagunan kayan gyara, mai haɗa waya ya ɗaura maka kafin shayi ya huce. Mai saye ba mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne da ke son ya isa da kayansa kafin gari ya waye, ko ma'aikaci da ke komawa wurin aiki daren Lahadi. Ya gaji da ramuka, yana son ya ga gabansa.

Sai dai fitilar mota ba ƙwai kaɗai ba ce. Kwanon da ke bayan ƙwan, mai ƙyalli kamar madubi, an ƙera shi ne daidai da wurin da siririyar wayar ƙwan halojen take ci. Shi ne ke tattara hasken, ya zubar da shi ƙasa, ya yanke shi da layi daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Da zarar an cusa ƙwan da tushen haskensa ya kauce wa wannan wuri, layin ya lalace, haske ya watsu sama da gefe. Ƙaramar fitilar ƙwan H4 tana ba da wajen lumen 1000. Zenon yana haura 3000. Ninki uku ke nan, a cikin kwanon da ba a yi shi dominsa ba. A ƙara da mota mai kujera 19 da aka danne bayanta da buhuna har gabanta ya ɗaga, sai a ga fitilar ta koma haska rassan gawo da fuskokin bayin Allah.

Ƙasashen da motocinmu suka fito sun daɗe da sanin haka. Ƙa'idar Turai ta ce ƙaramar fitilar da ta wuce lumen 2000 sai da na'urar wanke ta, kuma zenon na asali yana zuwa da abin da ke daidaita tsayin haskensa da kansa. Ingila, tun 2021, tana kayar da motar da aka sa wa irin wannan ƙwai a kwanon halojen a wurin gwajin shekara. Jamus ta fara halatta wasu ƙwayayen LED a 2020, amma sai waɗanda aka gwada, kuma ga jerin motocin da aka ambata da suna. Ba su hana ci gaba ba, awo suka sa masa.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirga, wadda ta ce ƙaramar fitila kada ta kashe wa kowa ido, kuma a 2014 an yi wa ƙasa sabon kundin dokokin hanya. Ga kuma bizit teknik da ake biya. To amma a tambayi masu motoci: sau nawa aka tsayar da na'urar awon haske a gaban fitilarsu? Ni kaina na taɓa kai tsohuwar motata wani wurin bincike da fitila ɗaya tana duban sama, aka ce in kunna, na kunna, aka buga hatimi. Tambayar da aka yi wa fitilar ita ce ko tana ci, ba a tambaye ta inda take kallo ba.

Tsoronmu shi ne mahukunta su ji wannan kuka su amsa shi da sanarwa a rediyo, gobe a wayi gari ya zama sabuwar hujjar tsayar da talaka a shinge, a yi ciniki, ya wuce da fitilarsa yadda take. Jandarma da ke bakin hanya da tsakar rana ba shi da abin auna haske, kuma bai kamata a ɗora masa hukunci da ido ba. Aikin na duwan ne tun farko, domin waɗannan kwalaye ba daga sama suka faɗo ba, ta iyaka suka shigo, an biya masu kuɗin fito. Sannan na masu bizit ne: wanda ya karɓi kuɗin gwaji, ya yi gwaji. Ƙungiyoyin direbobi da na masu gareji su ma suna da bakin magana, tunda ƴaƴansu ne ke sawa, ƴaƴansu ne kuma ake kwasowa daga gefen hanya.

Kafin nan, awon farko ba ya bukatar ko dala. A tsayar da mota a wuri mai baje, mita 10 daga bango, a kunna ƙaramar fitila. A yawancin ƙananan motoci layin hasken zai sauka ƙasa da tsayin fitilar da wajen santimita 10. In babu layi sam, sai fari fat har saman katanga, a mayar da tsohon ƙwan.