Shari'ar Eolas: Wa Ya Riga Wani?

A wannan mako za mu waiwayi wata shari'a da aka daɗe ana tafkawa a Amurka a kan burauza, wato manhajar nan da ake buɗe shafukan intanet da ita.

A shekarar 1998 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya ba Jami'ar Kalifoniya takardar mallakar wata dabara, wadda ke sa ƙaramar manhaja, kamar ta hoto mai motsi, ta yi aiki a cikin shafi kai tsaye. Wani ɗan kamfani mai suna Eolas, na Michael Doyle, shi aka ba izinin cin moriyarta. Shekara na zagayowa sai ya maka Microsoft a kotu, wai Internet Explorer ta shiga masa gona. A 2003 wata kotu a Chicago ta ce a biya dala miliyan 521.

To, shin dabarar sabuwa ce? Tun kafin a nemi takardar a 1994, wani ɗalibi mai suna Pei-Yuan Wei ya riga ya haɗa burauzar ViolaWWW mai irin wannan aiki, kuma abin mamaki, a reshen jami'ar nan na Berkeley ya yi ta. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago tsarin shafukan intanet da aka sakar wa duniya kyauta a 1993, ya rubuta wa ofishin yana roƙon a sake duba takardar. Aka duba, a 2005 aka tabbatar da ita. A ganinmu nan ne babban laifin yake, domin aikin ofishin ne ya bincika ko akwai mai gona kafin ya ba wani izinin kafa shinge.

Ba mu ce Microsoft abin tausayi ba ne. Amma wahalar a kan jama'a ta sauka, don a 2006 kamfanin ya sauya burauzarsa, sai mutum ya ƙara latsawa kafin bidiyo ko wasa ya karɓi umurninsa. A 2007 suka sasanta.

Da Eolas ya ji daɗin miya, a 2009 ya kai ƙarar kamfanoni wajen ashirin, har da Google da Amazon da Yahoo. Da dama suka sasanta da shi, sauran suka tsaya. A Fabrairun 2012 Berners-Lee da kansa ya je garin Tyler na Jihar Texas ya ba da shaida, kotu ta rushe da'awar Eolas, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2013.