Wa zai biya lauya idan aka kama ɗan wasan makaranta a Jibiya?

Tun daga watan Maris na 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sake buɗe iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, zirga-zirga ta fara dawowa a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Cikin masu bi ta Jibiya akwai 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi, akwai kuma ɗalibanmu da ke karatu a Maraɗi, da matasa 'yan ƙwallon ƙafa masu zuwa wasan sada zumunta ko neman ƙungiyar da za ta ɗauke su. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan wasa rigar wata jami'a ko kwaleji suke sanyawa, kuma idan sun ci kofi sunan makarantar ake kira. Tambayar da wannan jarida ke yi ita ce, ranar da aka tsare ɗaya daga cikinsu a shingen bincike, wane ne zai tsaya masa?

Duk wanda ya san Jibiya ya san dalilin tambayar. Tun da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamban shekarar, yankin ya zama wurin da ake kallon kowace jaka da idon zargi. Ba a buɗe iyakar Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ga kuma al'adarmu ta karɓar saƙo a tasha. Dattijo ya miƙa wa yaro ƙulli ya ce don Allah ya kai wa wane a Maraɗi, tarbiyya ba za ta bar yaron ya ce sai an kwance ya gani ba. Idan ba a manta ba, a watan Disamban 2018 hukumomin Saudiyya sun kama wata ɗalibar Jami'ar Maitama Sule da ke Kano saboda ƙwayoyin taramadol da aka samu a wata jaka mai ɗauke da sunanta, kuma ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilun 2019, bayan binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ne suka maƙala mata kayan. Iyayenta sun samu hanyar kai kukansu har ya isa kunnen gwamnati, abin da ɗan manomi daga Batsari ko Kaita ba lallai ya samu ba.

A rubuce, dokokinmu ba su bar wanda ake tuhuma a hannun ƙaddara ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, ya kuma ba shi damar kare kansa da lauyan da ya zaɓa. Dokar gudanar da shari'un manyan laifuka ta 2015 ta tanadi cewa a iya ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa. Hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa ƙarfi tana nan tun 1976, an kuma sabunta dokarta a 2011. Sai dai lauyoyin hukumar ba su kai yawan masu bukatarsu ba, kuma kusan biyu bisa ukun mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Bugu da ƙari, laifukan fasa-ƙwauri da na miyagun ƙwayoyi hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, don haka yaron da aka kama a Jibiya sai an kai shi Katsina. Daga nan iyaye za su fara lissafin kuɗin lauya da na mota a kowace ranar zama, da neman mai tsayawa beli wanda kotu za ta amince da shi. Gidaje nawa ne aka sayar da gona ko saniya saboda wannan, kuma aka ƙare a hannun 'yan kamashon da ke shawagi a harabar kotu?

Ko a ƙasashen da ake ganin sun ci gaba matsalar tana nan. A shekarar 2002, wani matashi a Amurka mai suna Brian Banks, wanda ya yi fice a irin ƙwallon da Amurkawa ke bugawa kuma yake shirin shiga Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya fuskanci tuhumar fyaɗe. Mahaifiyarsa ta sayar da gida da mota ta ɗaukar masa lauya. Da aka nuna masa cewa zai iya shan ɗaurin shekara 41 ko fiye, sai ya amince ba zai musanta tuhumar ba, ya yi fiye da shekara 5 a kurkuku. A watan Mayun 2012 kotu ta wanke shi, bayan wadda ta yi ƙarar ta amsa cewa ƙarya ta yi, kuma wata ƙungiyar lauyoyi masu aiki kyauta ce ta bi masa kadi. Shekarun da ya kamata ya yi yana wasa sun riga sun tafi. A nan Katsina ma, mun ga yadda shari'ar Amina Lawal ta kasance: da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim ba su tsaya ba, tare da ƙungiyoyin da suka ɗauki nauyin ɗaukaka ƙarar, da wuya a kai ga hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ya sallame ta a watan Satumban 2003.

Ba muna cewa duk ɗan wasan da aka kama mai gaskiya ba ne. Akwai waɗanda kwaɗayi ke ja su ɗauki abin da suka san haramun ne, kuma rigar makaranta ba ta zama kariya ga mai laifi ba. Idan kotu ta same shi da laifi ya karɓi hukuncinsa. Abin da muke ƙi shi ne a yanke masa hukunci tun kafin alƙali ya zauna, makaranta ta yi sauri ta kore shi don tsare mutuncinta, alhali jiya ita ke buga hotonsa da kofi a hannu. Dakatarwa ta wucin gadi ta isa har a ga yadda shari'a za ta kaya.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, su ware wani kaso daga kuɗin wasannin da ɗalibai ke biya, su kafa asusun ɗaukar lauya ga duk wanda ya shiga matsala a tafiyar da makaranta ta tura shi. Ya kamata a rubuta ƙa'idar asusun a fili, ta yadda ba zai zama na 'ya'yan manya ko na ɗan wasan da koci ke so kaɗai ba. Makarantun da ke koyar da aikin lauya suna da malamai da ɗalibai da za su iya bin irin waɗannan shari'u, kuma reshen Katsina na Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa zai iya tsara masu karɓa-karɓa a Jibiya, domin awannin farko na tsarewa su ne lokacin da ake sa yaro ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar kuwa ta wajabta cewa kowace tawaga da za ta ƙetara iyaka ta tafi da jerin sunaye da jami'in da ya binciki jakunkuna kafin a tashi, tare da lambar lauyan da za a kira.