Kada Kwanon Maƙwabci Ya Cinye Maka Rumbu

'Yan'uwana manoma, kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, 'yan kasuwa kuma sun fara zagaya ƙauyuka da motocinsu. Ni dai wannan lokaci ya fi ba ni tsoro da watan Agusta, gama yunwar da ake sha a Agusta, yawancinta a Disamba ake sayenta.

Akwai wani ɗan'uwa a ekklesiyarmu, ba zan faɗi sunansa ba. Bara waccan Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, ya sami masara da dawa da za su kai shi wata kaka. Sai maƙwabcinsa ya buga wa ɗakinsa kwano, ya kuma sayi babur kafin Kirsimati. Tun daga ran nan ɗan'uwanmu bai ƙara barci mai daɗi ba. Ɗakin ciyawar da aka haifa masa 'ya'ya biyar a ciki ya zama masa abin kunya. Ya buɗe rumbu ya kwashi fiye da rabi ya kai kasuwa, a daidai lokacin da kowa ke kaiwa, hatsi ba daraja. Ya sayi tsohon babur. Da ruwa ya sauka, ba kuɗin taki. Kafin masara ta nuna, matarsa tana awo da tsada, shi kuwa yana ƙodago a gonar wani, ciyawa tana cin tasa. Ashe kwanon nan da ya hana shi barci ba daga gona ya fito ba. Ɗan maƙwabcin ne, mai aikin soja, ya aiko da kuɗin.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Dattawanmu suna tune da 1975, sa'ad da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji har da na watannin baya. Rediyo da keke da babur suka cika gari. Samari da yawa suka dubi malamin makaranta, suka dubi fartanyarsu, suka jefar da ita suka nufi birni. Yau ba sai malami ya wuce ta ƙofar gidanka ba. Wayar da ke aljihunka tana nuna maka gidan wani a Abuja tun kana kan tabarma, amma ba ta nuna maka bashin da ke kansa.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 21. Ahab sarki ne, yana da fada, amma 'yar gonar inabin Nabot da ke kusa da gidansa ta sa ya kwanta ya juya fuska ya ƙi cin abinci. Ƙarshenta aka kashe Nabot da shaidar zur. Mu ba mu jefi kowa da dutse ba, gaskiya ne. Amma rigimar iyakar gona nawa dattawan ekklesiya suke sasantawa kowace bazara?

Wani zai ce, "To, malam, mu zauna cikin talauci ke nan?" A'a. Wadar zuci ba ragwanci ba ce, zomo kuwa ba ya kamuwa daga zaune. Idan gonar maƙwabcinka ta fi taka kyau, je ka tambaye shi. Wane iri ya shuka? Yaushe ya kai taki? Yaya wakensa ya kai damina bai huje ba? Watakila ya nuna maka buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke hana ƙwari iska har su mutu ba tare da magani ba. Wannan kallo yana ƙara maka. Kallon da nake gudu shi ne wanda ke sa ka rena abin da Allah ya sa a hannunka. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, ya ce musu a sura 4 koyon wadar zuci ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Wannan Bulus ɗin kuwa da hannunsa yake ɗinkin alfarwa don ya ci abinci.

Mu ma shugabanni muna da namu laifi. Idan ranar baikon godiya ana kiran suna da yawan buhun da kowa ya kawo, me muke koya wa gwauruwar da ta zo da mudu biyu? Idan kowane biki sai zumuntar mata ta fitar da sabon anko, kada mu yi mamaki in akuya ta bar gida.

Kafin motar ɗan kasuwa ta tsaya a ƙofarka, ka zauna da uwargida. Ku ƙirga bakunan da ke gidan, da mudun da ake dafawa kowace rana, har zuwa sabuwar masara. Ku ware iri, ku ware na Ubangiji, ku ware na taki da kuɗin makaranta. In an sami ragowa, a riƙe ta zuwa bazara in da hali, sa'an nan a yi maganar kwano.