Hoton Ƙwaƙwalwa da Nauyin Kalmar "Mahaukaci"

Tun shekarar 1976, lokacin da Eve Johnstone da abokan aikinta a Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon sikizofireniya, suka tarar ramukan ruwan da ke cikinta sun fi na masu lafiya faɗi, masana ke ta tambayar ko wannan bambanci yana riga ciwon zuwa ne, ko kuwa ciwon da magungunansa ne suke haddasa shi. Neman amsa ya kai su ga wani rukuni na matasa waɗanda ba su kamu ba tukuna, amma alamu sun fara ɓullo musu: jin motsin murya jefi-jefi, yawan zargin mutane, janye jiki daga abokai, da koma-baya a karatu. Alison Yung da Patrick McGorry na Melbon a Ostireliya su ne suka yi fice wajen tsara hanyar gane irin waɗannan matasa a shekarun 1990.

A shekarar 2021 ƙungiyar masana ta ENIGMA ta haɗa hotunan na'urar MRI na mutum fiye da 3,000 daga cibiyoyi 31. Abin da ta gano shi ne ɓawon ƙwaƙwalwar wannan rukuni bai kai na sauran kauri ba, kuma ragin ya fi bayyana ga waɗanda daga baya suka kamu, har da sashen da ke daura da kunne, mai kula da ji da fahimtar magana.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ba ya fitowa sai an tara ɗaruruwan hotuna an auna tsaka-tsakinsu. In aka miƙa wa likita hoton saurayi guda, ba shi da ikon ya dube shi ya ce wannan zai kamu, domin akwai masu lafiya ƙalau da ɓawon nasu ya fi na mai alamun siranta. Bugu da ƙari, wani nazari na 2021 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna kimanin kashi 25 cikin 100 ne na wannan rukuni suke kamuwa cikin shekara uku. Wato mafi yawansu ba sa kamuwa a tsawon wannan lokaci.

Ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwansa tsundum, domin shi ne gobe zai zauna a gidan rediyo ko jarida ya mayar da irin wannan labari cikin Hausa. Idan ya yi gaggawa ya ce an gano yadda ƙwaƙwalwar mahaukata take, ya yi kuskure biyu a jimla ɗaya: waɗanda aka auna ba su kamu ba, kuma kalmar "mahaukaci" ba mara lafiya kaɗai take kawowa a zuciyar Bahaushe ba, tana kawo tsumma da bola da jifar yara. Ko "taɓin hankali", da ake gani ya fi ladabi, ya riga ya yanke hukuncin da likitocin ba su yanke ba.

Lalle akwai masu ganin tsoratarwa ita ce za ta sa iyaye su kai yaro asibiti da wuri. Amma duk wanda ya san yadda ake binciken asali kafin aure ya san akasin haka ne zai faru. Gidan da ya ji cewa alamar tana rubuce a ƙwaƙwalwa zai ɓoye yaron ne, don kada ƙannensa mata su rasa manema. Ya kamata mai fassara ya jure wa doguwar jimla, ya ce "matasan da suka fara nuna alamu, waɗanda wasunsu kaɗai ke kamuwa", ko da edita zai yi ƙorafin ta cinye masa fili.