Bashin haya: masu gida da dillalai, ku ma da hannunku a ciki

Yau da masu gidajen haya da dillalai muke, kuma ba za mu tauna magana ba. Daga unguwar Zariya ta Maraɗi zuwa Sabon Garin Damagaram, har Bukoki da Talaje a Yamai, kukan ɗaya ne: ɗan haya ya ci wata biyar, ya ci wata takwas, ko dala bai biya ba. Gaskiya ne akwai macuta cikin ƴan haya. Amma mu muna cewa yawancin wannan bashi tun ranar ba da mabuɗi ake shuka shi, kuma da hannun mai gida da dillalinsa.

Mu yi lissafi. Mu ɗauka ɗaki da falo ne, jaka 25 a wata. Mai gida ya ce sai abansin wata uku da kosiyon wata biyu, dillali ya ce nasa wata ɗaya. Jaka 150 ke nan kafin mutum ya shimfiɗa tabarma. Alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun farkon 2024, jaka 42 ne. Ina zai samo su? Rance zai ci, ko matarsa ta sayar da tunkiya. Ran da abansi ya ƙare yana can yana biyan wancan rance, sai naka ya tsaya. Kai da kanka ka kwashe aljihun da kake jira ya biya ka.

Sai dillali. Shi la'adarsa ran shiga yake karɓa, ya kaɗe riga ya tafi. Me ya dame shi da sanin sana'ar wanda ya kawo? In ma an kori ɗan haya bayan wata shida, riba ce gare shi, don zai kawo wani ya sake cin la'ada. To wa ya taɓa ganin an ba kura ajiyar nama? In ana son gyara, a raba la'adar: kaɗan ran shiga, saura a riƙa cire masa cikin hayar da ta shigo hannu. Ran nan za ku ga dillali yana tambayar inda mutum yake aiki da wanda zai tsaya masa.

Na uku, takarda. Gidaje nawa aka ba da haya da fatar baki kawai, wai ana jin kunya? Ƙasar nan tana da dokar hayar gidaje tun 1996, kuma aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Tun ran gini ran zane. A rubuta kuɗin, a rubuta ranar biya, a rubuta wanda zai biya kuran da ruwa, musamman inda gida guda ke kan kwanta ɗaya. Duk wata a ba da resi, ko a tura ta Nita ko Amana, saƙon ya zama shaida.

Ranar biyan ma a daidaita ta da ranar da kuɗi ke shigo wa mutum. Malamin kwantiragi sai an yi biya yake gani. Ɗan kabu-kabu kullum yake samu, karɓar nasa mako-mako ta fi sauƙi. Matar da mijinta ke ci-rani a Abijan ko Libiya, kamar yadda muke gani da yawa a jihar Tawa, sai aike ya iso. Wanda ya ce wa duk waɗannan biyar ga wata ko tashi, rigima ya saya da kuɗinsa.

In wata ɗaya ya wuce, a je a yi magana cikin makon nan. Abin da muke gani shi ne mai gida ya yi shiru wata shida yana cika yana batsewa, rana ɗaya ya zo ya cire ƙofa, ya yanke kuran, ya watsa kayan mutane a titi gaban ƴaƴansu. Haba! Cire ƙofa ya taɓa maido jaka ɗaya? Bashin wata ɗaya ana iya raba shi, a ɗora jaka biyar-biyar kan haya har ya ƙare, a rubuta a sa hannu. Na wata takwas kuwa ya fi ƙarfin talaka, sai gudun dare. In magana ta ƙi, ga mai unguwa da limami. In ta ƙi nan ma, ga kotu. Alƙali ne ke da ikon cewa a tashi, husiye ya zartar.

Mun san mai gida ma ba banki ba ne. Akwai gwauruwar da hayar ɗaki biyu ce tuwon marayunta, akwai tsohon da ruwan 2024 ya kayar wa katanga yana jiran haya ya tayar. Saboda su ne ma muke wannan magana, don su ne bashin wata takwas ke kayarwa. Kai kuma ɗan haya mai sabon babur da sabuwar waya, kana ɓuya in ka ji sallamar mai gida, ka sani haƙƙi ne a wuyanka. In ka shiga matsi, kai za ka fara zuwa ka faɗa tun kafin a zo nemanka.

Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.