A Auna Bodi Kafin A Biya Kuɗin Mota

In kaka ta yi a ƙasar Batsari da Safana, manomin da Allah ya ba albarka ya kan fara tunanin sayen a-kori-kura, don ya huta da jiran motar haya ran kasuwa. Dillalai kuwa sun san wannan lokaci sarai. Abin da su kan fara nuna wa mutum shi ne Hilux mai ƙofa huɗu, sabuwa ko 'yar Kwatano, wadda aka haɗa wa bodinta kayan ƙari a kuɗi guda: shimfiɗar roba, da ƙarfe mai walƙiya a bayan ɗakin direba, da marfi mai naɗewa kamar asabari, da matakala a gefe. To, kafin a biya, ya kamata a jera ta da tsohuwar Peugeot da kowa ya sani, a ga wadda ta fi yi wa manomi aiki.

Ita dai Peugeot, watau Fijo, a Kaduna aka fara haɗa ta a 1975. An yi yayin 404, sa'an nan 504 ta biyo baya. Ɗakin direbanta ɗaya ne, saboda haka sauran tsawon motar duk na kaya ne. Bodin 504 ya kai wajen mita 2, watau ƙafa 6 da rabi, nauyin da aka yi ta dominsa kuwa wajen tan 1 ne, buhu 10 ke nan na gero ko masara. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu wajen mita 1 da rabi ne, ƙafa 5. Sauran an yi kujerun baya da shi.

Ita ma Hilux ɗin a kan rubuta mata wajen tan 1, amma akwai abin da dillali ba ya faɗi. Cikin tan ɗin nan har da direba, da fasinja, da duk ƙarfen da aka ɗaura mata bayan ta bar masana'anta. Maza 5 in sun zauna, nauyin buhu 3 ya tafi, saura 7. Mutumin Wagini ko Runka mai buhu 30, sawu 3 zai yi da tsohuwa, da sabuwa kuwa sai ya yi 5. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sawu 2 na ƙari ba abin wasa ba ne. Balle kuma a ƙasar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, inda ɓarnar 'yan bindiga ta koya wa mutane kada la'asar sakaliya ta iske su a hanya. Rage sawu a nan ya wuce maganar kuɗi.

Sai kuma kayan ƙarin, ɗaya bayan ɗaya. Marfi mai naɗewa ya na tsare jakar ma'aikaci daga ƙura da ruwa, wannan gaskiya ne. Amma akwatin da ya ke naɗewa a ciki ya na cin gaban bodin da ma gajere ne, kuma ba ya rufuwa in kaya sun ɗara bakin bodi. Kayan manomi kuwa tuli ne: rogo, dankali, harawa, kara, tumaki. Ƙarfe mai walƙiya galibi ado ne, ba a yi shi don ɗaure kaya masu nauyi ba. Shimfiɗar roba ita ce mai ɗan amfani, don ta na hana garma da galma kankare fenti. Duk da haka sai an lura da ita. Irin wadda a ke jefawa ciki kawai, ruwa da ɓurɓushin takin zamani su kan shige ƙarƙashinta, takin kuwa ya na cin ƙarfe, sai tsatsa ta gama da ƙasan bodi mai mota bai sani ba. Ga shi kuma dabba ta kan zame a kanta. Tsohuwar dabara ta katako a ƙasa, ƙarafan rumfa a sama, da tamfol, mai walda da kafinta na Dutsin-Ma ko Katsina za su yi ta da kuɗi kaɗan, in ta lalace kuma su gyara.

Akwai wani haɗari har ila yau. A mota mai ƙofa huɗu, bodin ya na zaune ne bisa tayoyin baya, rabinsa ma ya wuce su. In aka bar ƙofar bodi buɗe aka yi ta jibga buhuna don a cike gurbin gajartarsa, sai nauyi ya koma can ƙarshe, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya ƙi jin magana, wani lokaci shasi ya lanƙwashe. Gyaran wannan ya fi ƙarfin ribar kaka guda.

Amma fa kada a ce tsohuwa ba ta da aibi. An daina haɗa 504 a Kaduna tuntuni, kayan gyaranta na ainihi sai an tona, da yawansu kuma tsatsa ta cinye. Tayoyin baya kaɗai ke janta, cikin ta kuma kusa da ƙasa ya ke, saboda haka rairayin gulbi da laka ta damina kan kafe ta inda Hilux mai jan taya huɗu za ta wuce. Sa'an nan kujerun nan na baya ba banza ba ne. Ɗora mutane bisa buhuna ya sa gidaje da yawa makoki, wanda ya zauna a ciki kuwa ya fi tsira. Malamin asibiti ko ma'aikacin ƙaramar hukuma mai yawo da mutane, mai ƙofa huɗu ita ce daidai da shi.

Manomi da ɗan kasuwar hatsi fa, buƙatarsu dabam ce. In da hali, su nemi mai ɗaki ɗaya, wadda bodinta ya zarce mita 2, su ce a cire kayan ado a rage musu kuɗin, su sa ƙugiyoyin ɗaure igiya da rumfar tamfol. In kuwa babu hali, Fijo mai lafiyar shasi da sifirin ba ta gama aiki ba tukuna, da tsohuwar zuma a ke magani. Mutum 3 ko 4 ma su na iya haɗa hannu su sayi ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa.

Duk wanda zai tafi ciniki, ya tafi da igiyar awo da makaniken da ya yarda da shi. A auna tsawon bodi, da faɗin da ke tsakanin tudun tayoyi, a ɗaga shimfiɗa a duba ƙasanta, a karanta nauyin da aka rubuta a takardar mota. Kada a yi cinikin biri a sama. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kuma kiyaye hanya, amin.